Makarantar Hatimi: Lissafi da Asiri daga Katsina zuwa Alƙahira

A littafi na uku na labaran Harry Potter, wanda ya fito a 1999, akwai wata ɗaliba da ta zaɓi darasin duba da lambobi a makarantar matsafa. Yaranmu da suka karanta shi da Faransanci suna ɗauka marubuciyar ce ta ƙago wannan fanni. Alhali kuwa makarantar da ake haɗa lissafi da asiri ta taɓa wanzuwa, sai dai ba ta da hasumiya ko rigar ɗalibai. Zaure ne da buzu da allo, kuma ɗaya daga cikin manyan malamanta Bakatsine ne.

Tushen karatun shi ne hatimi, wanda Larabawa ke kira wafaƙi. A zana murabba'i mai gida tara, a zuba 4, 9, 2 a sahun sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Duk ta inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Mutanen Sin sun san wannan tun da daɗewa. A ƙarni na 10 ya bayyana cikin wasiƙun Ikhwanus Safa na Basra, Imam Gazali kuma ya ambace shi a matsayin abin da ake rubuta wa mai doguwar naƙuda, shi ya sa malamanmu ke jingina masa shi. Daga baya aka raba wa taurari bakwai hatimai: mai sahu uku na Zuhal ne, mai shida na rana, jimlarsa 111, mai tara na wata, jimlarsa 369. Aka kuma auna haruffa da lambobi, har kusurwoyin nan 2, 4, 6, 8 suka zama kalmar buduhu da ake gani a layu. Sunan Ahmad al-Buni, malamin ƙarni na 13, shi ya fi yawo a wannan fage. Ibn Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana ilimin haruffa dalla-dalla, sannan ya sa shi a sahun sihiri. Gardamar ke nan da ba ta mutu ba har yau.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya tashi a Katsina lokacin tana cike da fatake da almajirai. Ya yi karatu a hannun Muhammad al-Wali na Bagarmi, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira. Wajen 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafi kan ilimin haruffa da hatimai, yana kuma da Durrul Manzum kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, masanin falaki, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa. A lura da wannan: birnin Azhar ne, amma baƙo daga ƙasar Hausa aka nema don ya buɗe wannan ƙofa.

Me ya koyar? Hanyoyin gina hatimi mai sahu mara, wato uku, biyar, bakwai, zuwa sama, ba tare da lalube ba. A nan ne lissafin gaskiya yake. Jimlar kowane sahu ba a cinkarta: a ninka yawan sahu da kansa, a ƙara ɗaya, a sake ninkawa da yawan sahun, a raba biyu. Mai sahu biyar 65 ne, mai bakwai 175. Akwai kuma ƙa'idar tafiya daga gida zuwa gida, wadda in lamba ta fita ta sama sai ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama ta shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar. Turawa suna kiran ɗaya daga cikin irin waɗannan hanyoyi da sunan Simon de la Loubère, jakadan Faransa da ya kawo ta daga Siyam ya buga a 1691. Shi ya buga tasa a kasuwa. Malaminmu ya hori almajiransa su riƙe sirri, kada su bai wa kowa sai wanda ya cancanta. Ina ganin wannan horo, fiye da komai, shi ya sa ilimin ya ƙanƙance a hannun magada: zanen ya wanzu ana kwafarsa, dalilinsa ya ɓace.

Wani reshe nasa dai ya rayu a fili, shi ne ramzi. Mawallafan waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da kalmar da jimlar haruffanta ta ba da shekarar Hijira. A ƙidayar Magrib da muke bi, shinun 1000 ne, a ta Gabas 300. Wanda ya rikita su zai tsufar da waƙa da ƙarni bakwai. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin wannan ɓangare na aikin al-Kashinawi a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta gabatar da shi ga malaman lissafi na duniya cikin littafinta na 1973.

Mu a Maraɗi, inda sarautar Katsina ta sake kafuwa bayan jihadi ya ci birnin a 1807, wannan gado ya shafe mu kai tsaye. Amma malamin lakwal yana tsoron zana hatimi a allo kada iyaye su ce ya kawo tsibbu, malamin zaure kuma in yana da shi yakan ɓoye. Na taɓa zana mai gida tara ga ƴan aji shida, ban faɗi sunansa ba. Wata yarinya ta gano 15 kafin sauran, sannan ta ce ta san wannan zane, akwai shi cikin tsofaffin takardun kakanta. Na tambaye ta ko ta san me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya. Ta kwana biyu tana juya lambobin, ta dawo ta ce sahu huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, kuma 5 kaɗai ke da abokan tarawa huɗu.