Jirgin ƙarya da tarihinsa

'Yan uwa, jiya ma a hostel an yi min dariya, wai ina ƙarar da cajin kwamfuta wajen tuƙa jirgin ƙarya. Haka aka raina Edwin Link. A 1929 ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi da zugazugin kayan kiɗa na masana'antar babansa, amma galibi gidajen wasa ne suka saya. Sai a 1934, da matuƙan sojan Amurka masu jigilar wasiƙu suka yi ta faɗuwa cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi shida. A 1982 Microsoft ya fitar da nasa na kwamfutar gida. Ni dai kuɗin makarantar jirgi ta Zariya sun fi ƙarfin Baba, shi ya sa nake koyo a nan kafin Allah ya buɗa.