Tsibirin da Sai an Daskarar da Tufafinka Kafin Ka Taka Shi

A wannan makon za mu leƙa wata gaɓar teku da zai yi wuya waninmu ya taka ta, ko da kuwa yana da kuɗin jirgi.

Sunan wurin Laysan, ɗan tsibiri ne a tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,500 arewa maso yamma da birnin Honolulu na jihar Hawai ta Amurka. Farin rairayi ne kewaye da wani tafki mai gishiri, tsuntsaye sun cika shi, kunkurun teku na fitowa shan hantsi a bakin ruwa. Ba a zuwa yawon buɗe ido. Masu bincike ma sai da takardar izini, kuma tufafi da takalman da za su sa a can dole su kasance sababbi fil, a kuma ajiye su a firiza na awa 48 kafin tafiya. Da farko mun ɗauka tsabar fi'ili ne. Da muka bi tarihin wurin sai bakinmu ya mutu.

Tun wajajen 1890 ake haƙar kashin tsuntsaye a Laysan ana sayarwa a matsayin taki. Wajen 1903 mai kula da aikin, wani haifaffen Jamus mai suna Max Schlemmer, ya kawo zomaye ya sake su, da fatan samun nama. Ba mugunta ya nufa ba, kuma nan ne labarin ya fi ciwo. Masu neman mugu a kowane labarin da za su rubuta, ga wanda babu shi: mutum ne kawai da dabarar neman abinci. Zomayen ba su tarar da abin da zai ci su ba, suka yi ta haihuwa suna cinye ciyayi. A gefe guda mafarauta na kashe tsuntsaye don gashinsu, wanda ake ƙawata hulunan mata da shi a Turai. A 1909 Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana tsibiran yankin a matsayin mafakar tsuntsaye. Doka ta iya da mafarauta, amma zomo bai san doka ba.

Lokacin da ayarin masana ya iso cikin jirgin ruwa mai suna Tanager a 1923, tsibirin ya koma fako. Sun tarar da wani ɗan jan tsuntsu mai shan ruwan fure, wanda babu irinsa ko'ina a duniya, saura guda uku kacal. Har sun ɗauki hoton ɗaya yana kuka. Suna nan aka yi guguwar rairayi ta kwanaki, da ta lafa ba a sake ganin ko ɗaya ba. A gaban idon waɗanda suka zo ceto iri ya ƙare. Ayarin ya kashe ragowar zomayen, ciyayi suka fara dawowa a hankali.

Akwai kuma wani ƙaramin tsuntsu da ba ya tashi sama, wanda tun da farko aka kai wasu daga cikinsa tsibirin Midway. Can ya rage, har ɓeraye suka sauka daga jirgin ruwa a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa 1944 shi ma ya tafi.

To ina batun firiza? Bayan zomaye, wata baƙuwar ciyawa ta shiga Laysan, 'yar uwar ƙarangiyarmu ce ta jini. Mu da muka sha cire ƙarangiya daga bakin wando mun san yadda take tafiya: ba ta tambayar kowa, maƙalewa take yi. Ta mamaye ciyawar da tsuntsaye ke sheƙa a ciki. A 1991 aka fara yaƙi da ita, ma'aikata na zaune a tantuna suna tuge ta da hannu suna fesa magani, aka kwashe kusan shekara goma. Sabon kaya ba ya ɗauke da irin ciyawa, sanyin firiza kuma yana kashe ƙwarin da ya ɓuya a ɗinki.

A 2011 aka kwaso ƙananan tsuntsaye 24 daga tsibirin Nihoa, dangin wani irin da zomaye suka ƙarar, aka sake su a Laysan. Sun zauna, sun yi sheƙa, sun ƙyanƙyashe.