Sholisho: Daga Bakin Mai Faci

Kalmar sholisho ta Ingilishi ce, solution, wato abin da aka narkar cikin ruwa. Bahaushe bai ɗauko ta daga aji ba. A wurin masu faci ya tsince ta, inda ake shafa wani gam a tub ɗin keke ko babur kafin a manna roba. Harshe ya lanƙwasa ta, ma'anarta ta tsuke ta koma gam ɗin kaɗai.

Ka tsallaka iyaka daga Tsamiya ta ƙaramar hukumar Bagudo zuwa Segbana a Benin, za ka ji masu Faransanci na ce masa dissolution. Jikoki ne na kalmar Latin guda.

Yau kuwa "miƙo min sholisho" a rumfar faci sana'a ce, amma "ɗan sholisho" zagi ne: mai zuba shi a tsumma yana shaƙa har ya bugu. Ba yara kaɗai ba, har da magidanta, kuma tururinsa na lalata ƙwaƙwalwa.

Abin da ke damuna, kayan aiki ne na halal, kamun jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kaɗai ba zai raba shi da kasuwa ba. Mai shago ya san mai facin unguwarsu, ya kuma san wanda ko keke ba shi da shi.