Daga Gafaka Zuwa Intanet

Tun kafin zuwan ɗab'i, malaman ƙasar Hausa ba su yarda da kwafi ɗaya ba. Almajiri kan kwafe littafin malaminsa da hannu, ya sa a gafaka ya tafi garinsu. Ta haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, suka tsere wa gara da gobara: in na Sakkwato ya salwanta, na Gwandu yana nan. A Janairun 2013 Timbuktu ta maimaita darasin: 'yan bindiga sun ƙone littattafai a Cibiyar Ahmad Baba, amma waɗanda aka kwashe a ɓoye zuwa Bamako sun kuɓuta.

Da wannan idon nake duban mai kwamfuta a Jangebe da ke neman ma'ajiyar intanet mai kwafe fayiloli da kanta. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive kuwa 5. Sai dai kafin girman rumbu, ya tambayi tsawon haƙurinsa: abin da aka goge a Google Drive kwana 30 kacal yake yi a kwandon shara.

Mu Zamfarawa muna da ƙarin hujja. A Satumban 2021 hukuma ta toshe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni, ma'ajiyar nesa ta zama rumbu marar ƙofa. Don haka nake cewa a bi sawun magabata: kwafi a intanet, kwafi a filash, kwafi wurin amini a Bakura ko Maradun.