Wuta, Kuren, Bolt: Wane Ne Wane?

Idan ƙwan lantarki ya yi ja a Zuru, fanka na juyawa da ƙyar, sai ka ji an ce "yau lo kuren aka kawo". Masani zai yi gyaran murya. Kuren shi ne abin da ke gudana cikin waya. Abin da ya ragu kuwa matsin da ke tura shi ne, wanda ake aunawa da bolt. Mu dai duk wuta muke ce musu, har da ta murhu.

Bolt sunan mutum ne: Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya haɗa batirin farko a 1800. A taron Paris na 1881 aka tabbatar wa ma'aunin sunansa a hukumance. Harafinsa na farko bai sami masauki a bakin Bahaushe ba, sai ya bi sahun direba da talabijin, ya koma "b".

Leƙa teburin mai gyaran waya. Soket na ba da bolt 230, caja ta sauko da shi 5, batir 3.7. Daga nan ƙwayar da masu gyara ke kira "fawa aisi" ta kasa wa kowa rabonsa, ƙwaƙwalwar wayar ta samu bolt 1 ko ƙasa da haka. A zanen allon, layin da ke kai mata wuta VDD ne, a tsofaffin na'urori VCC. Abin dariya, D ɗin nan farkon kalmar Ingilishi ce mai nufin magudana, ga shi kuma ta nan wuta ke shigowa.

Me ya sa aka yi wa ƙwaƙwalwar rowa? Da tiransista, wato makunnin da ke cikin ƙwaƙwalwar, ta ƙanƙance, rufin da ke kare ƙofarta ya yi siriri, matsi mai yawa sai ya huda shi. Ƙirar nanomita 180 tana cin 1.8, ta 130 kuwa 1.2, ta nanomita 7 wajen 0.7. Ga riba kuma: rage bolt da rabi, cin wutar aiki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Amma akwai iyaka, wadda Turawa suka raɗa wa suna dokin ƙofa. Matsin da bai tsallake shi ba, ƙofa ba ta buɗuwa yadda ya kamata. Ka sassabe dokin, wuta ta dinga yoyo ko wayar na aljihu. Tun wajen 2005 saukar bolt ta fara tafiyar hawainiya saboda wannan.

Don haka, malam mai gyara, kafin ka ɗora wuta a layin VDD, duba zane ka ga bolt nawa aka rubuta masa.