Birnin Hamburg da Tarihin Nazarin Hausa

Hamburg birni ne a arewacin Jamus, na biyu a yawan jama'a bayan Berlin, mai mazauna kusan miliyan 1.9, kuma shi kaɗansa jiha ce guda cikin jihohi 16 na tarayyar ƙasar. Yana bakin kogin Elbe ne, daidai inda ƙaramin kogin Alster ke zuba a cikinsa, kuma ko da yake akwai tazarar kimanin kilomita 100 tsakaninsa da Tekun Arewa, manyan jiragen ruwa na shigowa har cikin gari, abin da ya mai da shi tashar jiragen ruwa mafi girma a ƙasar. Asalinsa wata 'yar ganuwa ce mai suna Hammaburg da ta yi suna a ƙarni na 9, daga baya ya shiga ƙungiyar Hansa, wato ƙawancen biranen fatake na arewacin Turai. Gobarar 1842 da ruwan bama-baman 1943 sun cinye mafi yawan tsofaffin gine-ginensa, saboda haka tsufan garin ya fi fitowa a takardu da al'adar fatauci fiye da a bango.

Dangantakar Hamburg da ƙasar Hausa ta fara ne da matafiya. Heinrich Barth, wanda aka haifa a birnin a 1821 kuma aka sani a ƙasar Hausa da Barno da sunan Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850 cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta tura, tare da ɗan garinsu Adolf Overweg. Ya iso Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, inda ya sha ciniki a kan kyautar da zai bayar kafin a sallame shi zuwa Kano, ya kuma sake biyowa a 1853 a hanyarsa ta Sakkwato da Tambutu. A littafinsa mai juzu'i 5 ya bayyana faɗin ganuwar Katsina, ya lura cewa gidaje sun tattaru a wani ɗan sashe alhali sauran fili gonaki ne da kufai, ya kuma yaba wa Hausar Katsinawa da cewa ta fi ta ko'ina tsabtar lafazi.

Da Barth zai koma Turai a 1855 ya tafi da samari biyu da Overweg ya 'yanta daga bauta, wato Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram. Dorugu ya ga Landan, ya ga Hamburg da Berlin, kuma daga bakinsa ne Bajamushen mishan J. F. Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyin da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan Bahaushen da ya taka Hamburg shi ne ya koyar da Turawa, ko da yake sunan wani ne a bangon littafin. Dorugu ya rasu a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa.

Karatun harsunan Afirka ya samu mazauni a Hamburg lokacin da aka buɗe Cibiyar Nazarin Mulkin Mallaka a 1908 domin horar da jami'ai da 'yan kasuwa masu zuwa Togo da Kamaru, inda Hausa ke cin kasuwa, kuma a 1909 aka naɗa Carl Meinhof farfesa a wannan fanni. Cibiyar ta narke cikin Jami'ar Hamburg da aka kafa a 1919. Meinhof ya sa Hausa cikin rukunin da ya kira harsunan Ham, rabon da ya gauraya nahawu da zancen launin fata, wanda masana suka yi watsi da shi tuni. Johannes Lukas, da ya yi bincike a Barno a shekarun 1930, shi ya share hanyar gane danginta na yankin Tafkin Chadi, sa'an nan Ekkehard Wolff ya wallafa nahawun Hausa da Jamusanci a 1993.

A yau ana koyar da Hausa a Cibiyar Asiya da Afirka ta jami'ar, amma ɗalibai daga Najeriya da Nijar kan je ne har domin kimiyya, injiniyanci da likitanci, wasunsu da tallafin hukumar musayar ɗalibai ta DAAD da aka kafa a 1925. Jihar ta soke kuɗin makaranta a 2012, sai kuɗin rajista na kowane zango wanda ya haɗa da tikitin mota da jirgin ƙasa. Sai dai kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna kuɗin zaman shekara guda, galibi a asusun da ake kullewa ana sakar masa kaɗan-kaɗan kowane wata. Yanayin garin ma jarrabawa ce ta daban, domin a Disamba magariba na yi da misalin ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa yini na kai awa 17, wanda mai azumi kan ji a jikinsa duk shekarar da Ramadan ya faɗo a bazarar Turai.