Gayya a Ƙasar Wurno, Raba da Goronyo

Gayya tsari ne na aikin haɗin gwiwa inda mutanen gari ko unguwa ke taruwa a gonar mutum ɗaya su yi masa aikin yini ba da lada ba, bisa fahimtar cewa shi ma zai fita ranar da aka gayyace shi. Tushenta gandu ne, wato gonar gida da uba da 'ya'yansa ke nomawa tare. Daminar gabashin Sakkwato gajeruwa ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ciyawa ba ta jiran mai ƙarancin hannu. Wannan matsi ne ya sa gidaje suke ara wa juna ƙarfi.

Mai gayya yakan sanar da rana ta hannun Sarkin Noma ko Sarkin Samari, ya raba goro, ya tanadi fura da tuwo. Da hantsi manoma sukan jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, makaɗa na biye da su da gangar noma. Kiɗan yana daidaita saran hauya, kirari kuma yana tsokano gasa: wanda ya riga kai gefe a yi masa guɗa, wanda ya sare a yi masa zambo. Dattawa na bin baya suna duba aiki, domin saurin da ya bar ciyawa a gindin gero ba a lissafa shi gwaninta. Gasar tana tsakanin mutum da mutum, amfaninta kuwa a gona ɗaya yake zuba, kuma a nan ƙarfin tsarin yake. Horon wanda ya saba ƙin fita ba tara ba ce. Ranar tasa gayyar sai ya ga gona wayam. A fannin kiɗan noma kuwa, makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda ake danganta shi da Gandi ta ƙasar Raba, ya yi suna da waƙoƙin manoma kamar yadda ya yi da na 'yan dambe.

Ana gayya a duk ƙasar Hausa, har da Katsina da Maraɗi, amma fadamun wannan yanki sun ba ta aiki rani da damina. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har rasuwarsa a 1837, tana kusa da fadamar Gulbin Rima. Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato. A Goronyo an kammala madatsar ruwa a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. A waɗannan fadamu, shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama suna bukatar hannu da yawa a ɗan lokaci, musamman wajen dashe da girbi.

Ƙwadago na kuɗi da maganin ciyawa da tafiyar samari cin rani sun rage gayyar noma ƙwarai. Mai hali ya fi son ya biya ya huta da bashin fita. Inda gayya ta fi tsira shi ne aikin da ba mai iya yi shi kaɗai: yashe magudanar ruwa, gyaran hanya da maƙabarta, da gonar surukai ko ta maras lafiya. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a filayen noman rani na Rima ta Tsakiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, suna da rajista da shugabanni zaɓaɓɓu da kuɗin ruwa, amma yashe ƙananan magudanai har yanzu aikin manoman ne da kansu, a ranar da suka tsayar.